Zane Goma

Takardar ta ce: zane goma cikin dosiye,
da hoto biyu, da shaidar haihuwa.
Tara gare ni.
Uku a bayan kalandar farmasi.
Ɗaya, kaskon Inna Barira,
mai ya ɗiga masa a kusurwa.
Na goman, ƙanena Tsahiru ya ƙunshe gyaɗa da shi.

Ranar gwaji, a Ali Ɗan Sofo,
mushe ya ajiye buta bisa tebur:
"Minti talatin."
Na gama butar da saura,
sai na ƙara hannunsa mai ƙwanƙwasa katako,
har tabon ƙuna a babban yatsa.

Ya ƙirga: tara.
Ya ɗaga na yau, ya dubi yatsansa,
ya daɗe.
Ya tura shi cikin dosiyen, ya rufe.