Bakin da Bai Sauka Ba

A Katako nake, rumfa ta huɗu bayan masu kwano,
kekena baƙi ne, gadon kawuna.
Fari a sama, shuɗi a tsaka, ja a ƙasa,
haka Nomau ya nuna mini a wayarsa.
Na ɗinka ɗari biyu kafin Juma'a,
ban taɓa taka ƙasar masu tutar ba.

Da la'asar, in an ɗauke wuta,
Nomau ya hura gawayi, ya ɗora buta,
ya ce, "Ku matso, tsohon shugaban Rasha ya sake magana."
Waya ta juya ta zuwa Faransanci,
shi ya juyo mana Hausa, da ɗan gishirinsa.
Miya ta bi tukunya uku,
ban san a wacce ta kama ba.

Wai haƙoran Yamma sun zube.
Wai duniya ba gonar mutum guda ba ce.
Wai akwai wuta ajiye a rumbu,
in aka matsa, a cire marfi.
Samari su daki cinya, su ce, "Namiji!"
Ni ina ƙirga yadi da zare,
jan nan ya hau dala ashirin tun jiya,
kuma ba wanda ya yi jawabi a kai.

Sai ga Baba Arzika da wandonsa a leda,
a rage masa ƙugu, jiki ya koma.
Shekara shida ya sha sanyin can
yana koyon yadda ake jiyo ruwa a ƙarƙashin dutse.
Rijiyoyinsa na nan har gobe, daga Filinge zuwa Abala.
Ya zauna kan buhun ƙyalle,
ya karɓi shayi, bai kurɓa ba.

Ya ce, "Na san muryar tun tana kan kujera,
a kunnena ta fi haka sanyi a lokacin.
Yaro, ka je filin kokawa ka gani:
wanda ya kwance layu ya koma gefe
shi ya fi kowa kirari,
don ƙasa ba za ta taɓa bayansa ba."

Nomau ya ce, "Baba, ko ma dai mene ne,
ya zagi waɗanda suka kwashe mana arzikin Arlit
suka bar mu da fitilar ƙwai.
Wa ya taɓa ɗaga musu murya saboda mu?"
Tsoho ya gyaɗa kai. "Ciwonka gaskiya ne.
Amma kura in ta kori kare daga bakin garke,
ka ƙirga awakinka tukuna
kafin ka kai mata goron godiya."

Ya yi shiru, ya juya kofi a tafinsa.
"Ina son ƙasar nan, kar ku ji ni a karkace.
Wata tsohuwa a tashar jirgin ƙasa
ta ga yatsuna sun ƙame,
ta cire safar hannunta ta ba ni, ta wuce.
In an cire marfin da ake faɗa,
jikokinta ma numfashi suke.
Mai maganar bai ambace su ba."

Wuta ta dawo, kowa ya watse.
Na tsaya share guntaye, fari da shuɗi da ja,
sai na tuna shekarar da kawu ya sa ni kwana
ina haɗa su don zuwan wani baƙo.
Yadin nan ne, launin nan ne,
a da a tsaye, yanzu a kwance.
Dillalin ma bai canza ba.

Baba ya dawo karɓar wando da safe.
Ya ajiye jika biyu, ya ce, "Yi mini tamu,
ƙarama, ta bakin ƙofa."
Tamu tana da rana a tsakiya,
da'ira ce, keke ba ya son da'ira,
sai ka sassauta ƙafa, ka bi ta da yatsa a hankali.
Sau biyu ina warwarewa.
Nomau na gefe yana karanto sabon jawabi,
na ce ya riƙe mini bakin ƙyallen,
ya ajiye wayar kan benci, ya riƙe.
Har azahar ba mu gama ba.