Dutsen Guga

Ƙarfe tara nake rufe shago a Jekadafari.
In juye garwashin dutsen guga,
in kwara masa ruwa har ya yi tsaki,
in ja ƙyaure, in datse kwaɗo.

Kafin in kai kwanar Bolari ya taɓo ni:
"Bappah, ka tabbata?
Da idonka ka gani, ko dai zato ne?
Shaddar ango bakwai na ciki,
ga leshin Hajiya Dudu,
wanda ko ka sayar da kanka ba ka biya."

Sai in juya.
Ɗan acaɓa ya saba, ba ya ko tambaya.
In buɗe, in dafa dutse, sanyi ƙalau kamar gindin randa.
In rufe, in yi taku goma,
ya ce, "To, bayan buhun gawayi fa?"

Akwai daren da na koma sau biyar.
Maigadin layi ya dalle ni da tocila,
"Mantuwa aka yi?"
Na ce e.
Yaya zan gaya masa
wutar da nake bi ba a shago take ba?

Adda Hajjo ce ta gano ni,
da ta ga tuwona na kwana a rufe.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Mai bin ka bashin da ba ka ci ba ne.
Duk daren da ka biya shi,
gobe da sabon lissafi zai zo."
Ta yago mini tsakiyar littafin ɗanta.

Yanzu in na kashe, da baki nake faɗa
har bango ya ji:
"Na kashe. Yau Talata."
In rubuta, tara da minti shida.
Dubawa ɗaya, ba ƙari.

In ya tare ni a Bolari ba na musu,
musu ne tuwonsa.
In ce, "Sannu, na gane muryarka."
In ja numfashi, in ƙirga huɗu,
in sake shi sannu kamar mai hura kunu.
In kira sunan abin da ke gabana:
mai shayi, fitilar kemis,
akuya a kan tulin yashi,
yaro da taya.
In ce masa, "Jira kwata, ina zuwa."
Kwata ta cika, in ƙara masa wata.

Daren farko rigata ta jiƙe sharkaf.
Na kwana da ƙauri a hanci,
kunne na jiran jiniyar 'yan kwana-kwana.
Ladan ya kira assalatu.
Na je. Shago na nan,
shadda a ninke yadda na bar ta,
ƙadangare na barci a kan kwaɗo.

Ba na ce na rabu da shi ba.
Ranar Laraba na koma, sau ɗaya,
na kuwa rubuta, ban ɓoye ba.
Adda ta ce in kaya ya fi kai
akwai likitan wannan, kuma zuwa ba abin kunya ba ne.
Na riƙe.

Jiya dai na wuce Bolari
ina lissafin tsadar gawayi,
ina ɓare gyaɗar naira ɗari.
Sai da na cire takalmi a zaure
na tuna ya yi magana a hanya,
bakina a cike, ban amsa ba.