Bakan Gizo a Ƙofar Ƙaura

Ruwan la'asar ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi.
Janareta ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
A lambun shaƙatawa, can bayan Ƙofar Ƙaura,
an rataye fitilu a wuyan bishiyoyin bedi,
ɗari biyar kuɗin shiga,
a buga maka shuɗin hatimi a bayan hannu.

Ni na shigo ta ƙofar gabas,
Zayyanu ya biyo ta wajen masu tsire,
yadda muka tsara tun ranar Laraba:
kowa da zuwansa, kowa da komawarsa.
Muka yi kiciɓis gaban mai zoɓo.
"A'a, kai ma ka zo?"
Shekara shida ke nan muna wannan kai-ma-ka-zo.

Kalangu ya buɗe baki, fiyano ya amsa masa,
wani yaro mai jar hula ya rungumi makirufo
kamar zai haɗiye shi.
'Yan mata a gefe guda, lalle har gwiwar hannu,
samari suna liƙi da sababbin hamsin-hamsin
da ba su san zafin aljihu ba tukuna.

Ga abin da ke ba ni dariya, in na sami wurin yinta:
abokai suna wucewa hannu cikin hannu,
ƙaramin yatsa maƙale da ƙaramin yatsa,
ba wanda ya ɗaga ido, haka gari ya saba.
Mu da riƙon zai zama magana
mun cusa namu a aljihu.
Mai kaza a aljihu, ai ba ya jimirin as.

Sai wayarsa ta yi motsi.
Mannir ne, wanda ya tafi karatu bai dawo ba,
ya turo hoto mai motsi daga wani lambu mai nisa:
rana tsaka, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma,
tutoci masu launi-launi, ganguna, tsofaffi da yara,
wasu maza biyu masu furfura suna rawa ƙirji da ƙirji,
ɗan sanda na gefe yana shan abin sanyi.
A ƙasa ya rubuta: da ma kuna nan.

Zayyanu ya rage hasken waya, ya kāre ta da tafin hannu
kamar mai kunna ashana cikin iska.
Daƙiƙa arba'in muka yi a can.
Sannan ya goge.

Ban ji haushin Mannir ba. Na ɗan ji.
Ni wa zan bar wa Inna da ciwon ƙafarta,
da shagon ɗinkina, da furar Rafindaɗi?

Can sai wani yaro ya ƙwala ihu: ku duba!
Ta gabas, sama da rufin dandamali,
bakan gizo ya tsaya, ƙafa ɗaya a gari, ɗaya a daji,
bai nemi izinin kowa ba.
Tsohuwa mai dafaffiyar gyaɗa ta yi tsaki:
"Ya zo ya shanye mana ruwa, gero na buƙata."
Mai kalangu ma ya sassauta.
Duk lambun ya ɗaga kai sama,
har masu gadi, har mai hatimi.

A daidai nan, da ba ido ko ɗaya a ƙasa,
ƙaramin yatsansa ya sami nawa.
Sanyi gare shi, saboda ƙanƙarar zoɓo.
Ban ƙirga ba. Bai kai daƙiƙa arba'in ba.

Da aka kira magariba kiɗa ya tsaya,
ya hau babur ya yi Yammawa, na tako da ƙafa.
Wajen alwalar isha na wanke hannu sau uku,
shuɗin bai fita ba, ban kuma cuɗa ba.

Inna daga kan tabarma: "Ina ka shiga?"
Kallon kiɗa.
"Kai da wa?"
Da jama'a, Inna. Gari duk ya fito.