Faci Uku

Sai ƙarfe biyun dare rezo ke zama lafiya a Zengo,
in gari ya ajiye wayoyinsa ya yi barci.
Ni kaɗai a ofishin takardun haihuwa,
da butar shayi, da tsaka a kan bango,
ina jiran bishiya ta sauko ta waya.

Haka masu ita suka kira ta, bishiya.
Tushe guda, rassa dubbai,
kowane reshe da ƙunshinsa,
kowane ƙunshi da mai ba shi ruwa
a wata ƙasar da kuran ba ya ɗaukewa.
Ban san fuskokinsu ba, ina gode musu.
Sai dai ba su san Baƙo ba.

Baƙo ɗan Cima, haihuwar Laraba a Garin Malam.
Ran da injin nan ya zo, bai iya lanƙwasa harafi ba.
Ya mai da ƙasa kasa, ya mai da baƙi baki,
ya aske wa yaro suna tun bai yi bakwai ba.
Mushe Abarshi ya zauna masa kwana tara
da tabarau mai ƙafa ɗaya,
har ƙugiya ta tsiro a kan ka da da da ba.
Faci ke nan na farko.

Na biyu don tsohuwar na'urar buga takarda,
wadda sai an yi mata magana sannu, kamar kaka.
Na uku ya koya wa injin tsoron duhu:
duk minti ya adana abin da aka rubuta,
don a nan ba a sallama kafin a ɗauke wuta.

Abarshi ya rasu da damina. Facin ya zauna.

Bara na yi gaggawa.
Na jawo sabuwar bishiya na kifa a kan tsohuwa
kamar mai yaɓe ya bi ta kan zanen ƙofa.
Da safe Zuwaira ta buga suna arba'in,
ko ƙugiya ɗaya babu.
Na'ura ta yi gum.
Mutanen Miriya da suka biya mota tun asuba
suka naɗe zanensu suka koma hannu wofi.
Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni.

Tun ran nan na raba gari da zane.
Nasu a ɗakinsu, namu a namu,
kwafi a kile, kile a aljihun gaba,
da ɗan rubutu kan kowane: wa ya yi, don me.
Sabo ya sauko tukuna, ya zauna, ya huce,
sannan in ɗora namu ɗaya bayan ɗaya.

Yau na uku ya hau lami lafiya.
Na biyu ya yi gardama a layi ɗari biyu da sha biyu,
na buɗe nasu da namu gefe da gefe,
na sasanta su kamar maƙwabta kan magudana.

Na farko ya ƙi.
Na sake, ya ƙi.
Injin ya ce: wannan yana ciki tun tuni.

Na bi tarihin reshen da yatsa,
ƙasa, ƙasa, cikin sunayen da ban iya faɗa ba,
sai ga shi: Abarshi, Damagaram.
Ashe ya aika musu bai gaya wa kowa ba.
Shekara huɗu yana layi, sai bana aka karɓa.

A lambunan Miriya, in auren mangwaro ya kama,
mai lambu kan kwance tsumman da ya ɗaure.
Na daɗe ban kwance ba.
Shayi ya yi sanyi.

Ƴan garuwa sun fara tura kura a waje.
Na goge facin daga ɗakinmu, saura biyu.
Na buɗe farar takarda, na rubuta Baƙo.
Ƙugiya ta fito da kanta.