Ƙafar Tela

Shekara ashirin da biyu ƙafata tana gudu a wuri ɗaya,
bisa matakin keken ɗinki, cikin rumfata ta Kasuwar Dole.
Da za a miƙe zaren da ta tura
da tuni na je Agadas na komo ban bar kujera ba.
Yanzu saura kwana uku
a ce mata: to, ga ƙasa, taka.

Mushe Tsahiru ya ce in daina gudu.
"Rumbu ya cika, kada ka fasa shi kafin ranar."
Wata biyar yana bi na bisa kabu-kabun Mutari
a hanyar Mirya, agogo rataye a wuya, yana ta ihu,
yau kuma shi ke cewa zauna.
Ashe zaman ya fi gudun wuya.
Da na zauna, gwiwar hagu ta ɗauki magana,
ita da ba ta taɓa ce mini uffan ba.
Sauro ya cije ni, na ce shi ke nan, zazzaɓi.
Yaro ya yi atishawa a layin famfo,
na ja tuluna na koma baya.

Jiya Alhaji Mati ya kawo shadda, ɗinkin suna.
Na auna wuya, na auna hannu, na auna tsawo,
da ya tafi na duba littafi:
arba'in da biyu, arba'in da biyu, arba'in da biyu.

Iyakar inda na taɓa kaiwa talatin da biyu ne,
gindin wani gawo, inda na durƙusa na yi amai
awaki suna kallona.
Goman da ta rage ban san fuskarta ba.
Ɗaki ce da ban taɓa shiga ba,
an ce akwai wani zaune ciki mai irin sunana,
ban sani ba ko zai tashi mu gaisa.

Barira ta ce, "Mutum da kekensa na hawa a zaure."
Ta faɗa, amma taliya take ƙara mini a kwano,
ta kuma cire ƙwallon dabino bakwai
don kada in shaƙe a hanya.
Na ɗinka musu aljihu a cikin wando,
layi biyu, na koma na bi na uku.

Habsu ta ce, "Baba, kai za ka zo na ɗaya?"
Na ce, masu zuwa na ɗaya
za su yi wanka, su ci, su yi barci,
sannan ki leƙo.
Ta ce to, za ta zo da kujera.

Cikin dare na yi mafarki hanya yadi ce,
ana warware ta daga bandir, ina bi,
can gaba wani ya buɗe almakashi.
Na farka na laluba takalmin gwanjo ƙarƙashin gado,
suna nan, su biyu, ba su ji komai ba.

Da la'asar na hau duwatsun Birni, a hankali,
kamar mai ɗauke da ƙwai.
Garin ya kwanta ƙasa da rufin kwanonsa.
Na nemi hanyar da ido,
ta shige bayan masallaci, ta fito, ta ƙanƙance,
ido ma ya gaji kafin ya kai.

Yanzu na shimfiɗa kayan bisa tabarma:
riga, wando, safa, hula,
mutum guda cur, sai dai babu kowa ciki.
Lambar da suka ba ni tana jiran fil huɗu.
Ni da na soka fil ya fi dubu ɗari
a rigunan angwaye da na masu zuwa Makka,
yau hannuna rawa yake.
Na soki yatsa.
Barira ta karɓa, ta ce kawo nan, tela,
ta maƙala ta a karkace.
Na bar ta haka.