Ƙafar Barsu

Shekara goma sha biyu Barsu na gadin lambuna a bakin gulbi.
Ya kori akuya, ya kori ɓarawon tumatir.
Ya taɓa kwana uku shi kaɗai a gindin mangwaro
sa'ad da na tafi gaisuwar rasuwa Madarunfa,
na dawo na iske shi yana hamma,
ko a jikinsa.

Yanzu ko goro zan sayo bakin titi
sai na yi sanɗa a gidana kamar mai bashi.
Kunnensa ya mutu, amma ya san takalmina.
Idan ya shinshina bakin ƙofa bai same su ba
sai kuka,
ba haushi ba, kuka,
siriri, kamar ƙyauren da ya shekara bai sha mai ba.

In kukan ya ƙare sai ya koma kan ƙafar.
Ta gaba, ta hagu, daidai gaɓa.
Lasa, lasa, lasa,
tun daga azahar har a kira la'asar.
Gashi ya tafi, fata ta tafi,
abin da ya rage ja ne kamar tsakiyar kankana.

Na kai shi wajen mai yi wa shanu allura a Ali Ɗan Tsoho.
Jikka biyu, da kuɗin kabu-kabun da ya yarda ya ɗauki kare.
Ya fesa masa shuɗin magani.
Kafin magariba harshen Barsu ya zama shuɗi,
ƙafar kuwa tana nan yadda take.
Na yanke gindin tsohon bokiti na rataya masa a wuya,
ya kwana yana karo da randa
har na ji kunyar kaina na cire.

Maƙwabcina Ɗan Jimma ya ce:
Nomau, yawun nan fa najasa ne,
ga tabarmarka ta salla a rataye kusa.
Ka kai shi bayan Tibiri ka juyo,
kare ai ba ɗa ba ne.
Na ce na ji.
Tabarmar na ƙara wa tsayin ƙusa.

Ba ɗa ba ne, gaskiya ne.
Ɗan yana Agadas, ko gaba da Agadas.
Damina huɗu ke nan.
Shi ya tsinto Barsu cikin kwali bayan tasha
ido bai buɗe ba,
shi ya ba shi koko da yatsa.

Jiya da dare wuta ta ɗauke.
Ina zaune a duhu ina jin sautin harshen nan
kamar ɗigon randa mai tsaga,
na buɗe baki zan daka masa tsawa
sai na ji babban yatsana yana aiki.
Salula ce a hannuna.
Maɓallin nan na kira, kore,
na goge shi har ya zama fari
ban san ranar da na fara ba.
Kunna, duba, kashe.
Kunna, duba.

Ban yi tsawar ba.

Da asuba na cire rigar da na kwana da ita,
mai warin zufa da albasa,
na shimfiɗa masa bakin ƙofa.
Ya juya sau uku ya kwanta a kai,
haɓa bisa aljihu.
Na bar masa takalmin ma,
na tafi masallaci da silifan wanka.

Da na dawo ƙafar a jiƙe take.
Amma rabi, ba duka ba.
Ko kuwa idona ne ke so ya ga haka.

Na zauna, na ɗora tafina bisa ciwon.
Ya lashi hannuna.
Na san sai na wanke sau bakwai.
Ruwa na nan a randa, ba inda zai je.
Bari ya gama tukuna.