Shingen da Akuya Ta Ƙi

Wata uku jirgin kananzir bai sauka Waingapu ba,
ko ya sauka, mu na kan tudu ba mu shaida ba.
Itace kuwa ƙaura yake yi:
da yana bayan ɗaki, ya koma bakin rafi,
yanzu Inna kan fita da asuba
ta dawo rana tsaka da ɗan ƙunshi
wanda bai kai tsintsiya kauri ba.

Cini-da-zugu na nan a shinge
inda kakana ya kafa shi don tare dawaki.
Akuya ta sansana ta wuce.
'Ya'yansa su bushe, su tsage, su zubo
baƙaƙe kamar kaska ta ƙoshi,
mu haɗa da shara.

Kaka Rambu Kahi ce ta tofar da jan yawu ta ce:
"Lokacin yaƙi tsire su muke a tsinke,
tsinke guda ya kai mu ƙarshen tatsuniya.
Abin da ya haska ɗaki
zai kasa tafasa ruwa?"

Umbu Ndilu maƙeri ya ɗauki gwangwanin fenti,
ya huda gindi, ya huda ciki,
ya karɓi kaza ɗaya ladansa.

Ranar farko hayaƙi ya kore mu waje,
har kare.
Rana ta biyu muka ɓare ɓawon tukuna,
muka shanya kwana uku a kan kabarin dutse.
Sai ga wuta ta miƙe, ja daga ƙasa, shuɗiya a baki,
tana ƙara kamar mai soya kanta.
Tafi biyu, masara ta nuna.
Inna ta zauna ta rasa abin yi da safiyarta,
sai ta ɗauko saƙar da ta ajiye tun bara.

Gindin tukunya dai ya yi baƙi, ba a musu.
Ƙanena kuma an ja masa kunne:
wannan ba gyaɗa ba ce, ko ɗaya kar ka kai baki.

Jiya na ji hayaniya tun kafin zakara.
Maƙwabcinmu Hamba ne da kwando a shingen,
wai reshen da ya leƙa gonarsa nasa ne.
Shekara arba'in ba wanda ya ce nasa.
Kaka ta yi dariya har tari ya kama ta.